Nasaran Yamusukuro

Akwai wata tambaya da na daɗe ina ɗauke da ita, wadda in na faɗe ta a majalisa sai a yi mini dariya. Wane ne Nasaran da ya durƙusa gabana cikin jar ƙasar Yamusukuro, ina ɗan shekara 9, ya miƙo mini wata ƴar farar ƙwallo ya ce in gara? Na tambayi ma'aikata, na tambayi fatake masu zuwa Abijan, na tambayi intanet ta hannun ɗana. Daga bisani, cikin shekarar 2019, da na samu hutun aiki, na hau kar na koma can da ƙafata.

Sai na fara da mahaifina, domin ba don shi ba da ban taka wurin ba. Mutumin Adar ne, daga wani ƙauye na gabas da Tawa, kuma kamar sa'o'insa ya san hanyar kudu tun gemu bai fito masa ba. Kumasi ya fara zama. Ya yi dako a kasuwa, ya yi tallar goro, har ya kafa ɗan teburinsa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana. Ya komo gida da tabarma da rediyo da wani Ingilishi na kasuwa wanda babu mai buƙatarsa a Adar. Abin da ya tsira da shi ya zuba cikin bisashe, farin 1973 ya zo ya share su. Shekarar da ta biyo ya sake ɗaukar buhunsa, wannan karo zuwa Kwadebuwa, inda kuɗin koko da kofi suke ta gina birane. A 1977 ya aiko a kai masa mu.

Ban manta wannan tafiya ba. Mota daga Tawa zuwa Yamai, wata motar zuwa Wagadugu, sa'annan jirgin ƙasa har Buwake. Sunan layin jirgin Abijan-Nijar, amma duk wanda ya shige shi ya san bai taɓa taka ƙasarmu ba; mu ne kullum muke zuwa mu tarye shi.

Yamusukuro ta lokacin ba ta zama babban birnin ƙasa ba tukuna, sai a 1983 aka ba ta wannan matsayi. Ƙauyen shugaba Hufuwet Bwanyi ne, cikin ƙasar Bawule, kuma shugaban ya ƙudura sai ya mai da shi birnin da duniya za ta zo kallo. An shimfiɗa hanyoyi masu faɗin gaske waɗanda ke shiga daji su tsaya, an jera musu fitilu, dare ya zama rana ga awaki da jemagu. Ga fadar shugaba da tafkin kadoji a gabanta, ga otel Firezidan. Ko'ina ka juya shantiye ne, kuma a kowane shantiye za ka ji Mosanci da Julanci da Zabarmanci da Hausarmu ta Adar.

Mahaifina ya samu aikin lebura a wani fili mai faɗi kusa da otel ɗin. Da dare in sun taru shan shayi, shi da abokansa, aikin nan shi ne abin zancensu, domin babu wanda ya gane kansa. An sare daji, an tumɓuke kututture, katafila ta tara tuddai inda babu tudu, ta haƙa tafki inda babu ruwa. An binne bututu ƙarƙashin ƙasa. An haƙa ramuka an cika su da farin rairayi da aka ɗauko da mota daga wani wuri. Bayan duk wannan wahala, abin da za a shuka shi ne haki. Ku duba fa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa duƙe da hauya yana yaƙi da haki, yau ga shi ana biyansa albashi ya dasa haki, ya ba shi ruwa safe da marece. Wani abokinsa ya ce lalle dawakin shugaba za a kiwata. Mahaifina, wanda ya ga irin wannan fili daga nesa a Kumasi, ya ce a'a, wasa ne na manya, sunansa golf, ana bugun ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ba su yarda ba.

Aikina shi ne kai masa abincin rana. Wata rana, cikin rani, na iso da kwano bisa kai ban tarar da shi inda ya saba ba. Aka nuna mini can ƙarshen fili, inda katafila ta tsaya. Na iske mutane kamar goma sun yi da'ira, a tsakiyarsu wani ƙaton Nasara ya durƙusa bisa gwiwa, wuyansa ja wur, hularsa ta jiƙe da zufa. Gabansa tarin rairayi ne mai laima, faɗinsa bai wuce tabarma ba, yana shafa shi da tafin hannu kamar mace mai gyaran malmalar tuwo. Ya danne nan, ya ɗaga can, ya ja wani ɗan kwari da gefen hannunsa. Yana magana, mahaifina na tsaye kansa yana juya wa mai katafila da Julanci haɗe da Faransancin shantiye. Ran nan na fara sanin Ingilishin Kumasi yana da rana.

Da Nasaran ya ɗaga kai ya gan ni, sai ya yafuto ni. Na dubi mahaifina, ya ce aje kwanon ka je. Ya zaro ƙwallon daga aljihu, ya nuna mini ƙolin tarin, ya nuna in sake ta kawai, kada in tura. Na saki. Ta gangaro, ta karkata hagu, ta faɗi ƙasa. Ya girgiza kai, ya shafe wani wuri, ya ce in sake. Na sake. Mun yi haka ya fi sau goma, leburori na ta dariya, har ƙwallon ta gangaro a hankali, ta yi ɗan lanƙwasa, ta tsaya daidai inda ya soka wani tsinke. Ya tafa hannu, ya nuna wa mai katafila tarin, ya nuna babban filin da ke gabansu. Sa'annan ya tashi, ya kakkaɓe gwiwa, ya danƙa mini ƙwallon cikin hannu ya rufe yatsuna a kanta. Iyakar abin da ya faru ke nan. Bai kai rabin awa ba.

Ƙwallon ta yi wata uku a wurina. Akwai rubutu a jikinta, amma ban iya karatu ba tukuna. Wana, da son sanin abin da ke ciki, ya sa mata reza ina barci. Ƙwallayen wancan zamani zaren roba ne ake nannaɗewa a ciki, da ya yanka fatar sai zaren ya yi ta tsalle yana warwarewa da kansa har ya cika masa hannu. Na yi kukan da ban yi ba ranar kaciya.

Mun komo Nijar a 1982, aka sa ni lakkol da girmana, na yi sa'a na wuce, har na zama ma'aikacin hanyoyi. Mahaifina ya rasu a 1991. Shi kaɗai ne shaidata, kuma shi mutum ne marar yawan zance; ban taɓa zaunar da shi na ce ya ba ni labarin shekarunsa na kudu ba, ina ganin akwai lokaci. Bayansa labarin ƙwallo ya zama abin ba'a a gidanmu. Ƙannena na kirana injiniyan golf. Wana ma, wanda ya yanka ta, ya ce shi bai tuna wata ƙwallo ba. Tun ina musu har na fara tambayar kaina ko mafarki na yi.

Da farko na biɗi mutumin ta ƙofar da ba ita ba. Tun da komi na Yamusukuro da Faransanci aka yi shi, na ɗauka mai zanen gine-ginen garin shi ne mai zanen filin. Wani abokin aiki da ya yi karatu a can ya ba ni sunan Olivier-Clément Cacoub, haifaffen Tunis, wanda ya zana otel Firezidan. Na riƙe sunan shekaru ina faɗi da alfahari. Sai wata rana na tsaya na yi tunani: in mutumin yana jin Faransanci, mi ya kawo mahaifina tsakiya? Shef-shantiye ya ishe shi. Wanda na gani Ingilishi kaɗai gare shi.

A nan ne na gane zanen filin golf sana'a ce dabam, ba ta masu zanen gini ba. Filin yana da ramuka 18, al'adar da ta samo asali daga Sent Andurus ta ƙasar Sikotlan tun 1764. Kowane rami yana da wurin bugun farko, da doguwar hanya ta haki, da tarkuna na rairayi ko ruwa, sa'annan dandalin ƙarshe mai laushi kamar darduma, inda ramin yake, faɗin bakinsa santimita 10.8. In ka bi su duka ka yi tafiyar da ta wuce kilomita 6. Dandalin nan shi ne zuciyar aikin. Ana shimfiɗa bututun tsotse ruwa, a bi da tsakuwa, a bi da rairayi haɗe da taki mai kaurin kusan santimita 30, kuma gangarensa sai an auna shi da hankali: in ya yi yawa ƙwallo ba ta tsayawa, in ya yi kaɗan ruwan sama ya kwanta ya kashe hakin. Ni da na ƙare rayuwata ina auna gangaren hanya don ruwa ya sauka gefe, na fahimci wannan sarai. Na kuma fahimci abin da tarin rairayin nan yake. Mai katafila ba ya karanta takardar zane, amma in ka gina masa ƙaramin misali da hannu ya gani, zai fitar maka da babbansa. Ashe dandali muke gwadawa, ni da Nasaran.

A 2017 ɗana ya zauna da ni gaban kwamfuta, cikin minti kaɗan ya fito da sunan da na yi shekara da shekaru ina biɗa. Wanda ake danganta zanen filin Yamusukuro gare shi shi ne Dave Thomas, mutumin Wales, haifaffen Niyukasil a 1934. Kafin ya shiga zane shahararren ɗan wasa ne, an san shi da bugu mai nisa kuma miƙaƙƙe. Sau biyu babbar gasar Birtaniya tana kuɓuce masa a bakin ƙofa: a 1958 ya yi kunnen doki da Peter Thomson na Ostareliya, aka sake karawa ya faɗi, a 1966 Jack Nicklaus ya fi shi da bugu ɗaya tak. Sau huɗu yana cikin tawagar Birtaniya da ke karawa da Amurka a kofin Ryder. Da ya aje sanda, shi da abokinsa Peter Alliss suka zana filin Belfry kusa da Birmingham, wanda aka buɗe a 1977 bisa tsofaffin gonakin dankali. Da na ji wannan na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe can ma an tashi abinci an shuka haki.

Ɗana ya buɗe mini hotonsa. Ƙaton mutum, faffaɗan kafaɗa, manyan hannuwa. Gabana ya faɗi, na ce shi ne. Sai ya buɗe hoton Alliss, shi ma dogo kakkaura, na ji bakina na shirin cewa shi ne. Yaro ɗan shekara 9 da ke tsaye gaban baƙo, abin da ya riƙe wuya ne ja da hula da hannu. Fuska ba ta zauna ba. Thomas kuwa ya rasu a Sifen tun 2013. Alliss yana da rai lokacin, muryarsa ce Ingilawa suka saba ji a talabijin ta BBC in ana golf. Na rubuta masa wasiƙa da Faransanci, ɗana ya juya ta, na aje cikin biro ina jin nauyin aikawa, ina cewa wane ne ni. Ya rasu a Disamba 2020 tana nan inda na aje ta.

Tafiyar 2019 ta ɗauke ni kwana biyu da ƴan kai: Yamai, Wagadugu, Bobo, Ferke, Buwake, da tsaye-tsayen duwan da jandarma waɗanda fatakenmu suka fi ni sani. Tun daga nesa abin da ke fara tarbar ido shi ne ƙubbar babbar majami'ar da Pierre Fakhoury ya zana, wadda Fafaroma Jan Fol na biyu ya keɓe a Satumba 1990, tsawonta da gicciyen mita 158. Lokacinmu babu ita. Hanyoyin nan masu faɗi suna nan, sai dai gari ya biyo wasunsu ya cika musu gefe da shaguna da masu gyaran babur. Kadojin fada suna kwance bakin tafki, mai fadar kuwa ya rasu tun 7 ga Disamba 1993, yana kwance can ciki.

Na isa filin da hantsi. Da na bayyana abin da ya kawo ni, aka haɗa ni da wani dattijo cikin masu ɗaukar wa ƴan wasa sanduna, waɗanda ake kira kadi. Muka taka tare. Abin da na sani jar ƙasa da ƙura ya zama inuwa da kore. Itatuwan da aka bari tsirara tsakiyar shantiye sun yi rassa sun haɗe. Mu da muka san filin golf na bayan Yamai, kan hanyar Tilaberi, inda dandalin rairayi ne kuma ɗan wasa ke yawo da guntun tabarmar roba don ya aza ƙwallo, sai mun zo nan muke gane abin da ruwa yake yi wa ƙasa. Masu wasa ba su da yawa ran nan. Na ƙirga mutum shida, masu ban ruwa da yankan haki sun fi su.

Da na ba kadin labarina, ya ce ai ya san mutumin, Gary Player ne. Ba laifinsa ba ne, sunan da ya fi zama a bakin mutanen wurin ke nan, domin shi ya ci kofin Hufuwet Bwanyi da aka yi a filin a 1980. Zuwansa ma abin lura ne: farar fata ne na Afirka ta Kudu, a zamanin da yawancin ƙasashenmu suka rufe wa gwamnatin wariya ƙofa, amma Hufuwet ya zaɓi tattaunawa da ita, har ya karɓi firaminista Vorster a nan Yamusukuro a 1974. Sai dai Player gajere ne, bai kai mita 1.70 ba, kuma an san shi da baƙaƙen tufafi. Nawa Nasaran da ya miƙe sai da ya tare mini rana. Ban da haka, lokacin da Player ya zo hakin ya riga ya tsiro.

Na roƙi kadin ya ara mini ƙwallo. Muka bi dandali ɗaya bayan ɗaya, ina tsugunawa a wurin da ya fi tudu ina saki. Yana kallona kamar mai taɓin hankali, amma bai ce komi ba. A uku daga cikinsu ƙwallon ta gangaro ta lanƙwasa ta tsaya yadda nake tunawa. Da ɗaya ne da na ce na samu.

Shi ne ya ce in ina son zancen zamanin shantiye in tafi unguwar Julawa, bayan la'asar, akwai wani tsoho ɗan ƙasarmu da ke zama ƙofar wani shagon goro, ya yi aikin tun daga saran daji. Na same shi bisa buzu, idanunsa sun yi fari da yana, carbi a hannu. Na yi sallama da Hausa, ya amsa da irin Hausar da rabona da ji tun rasuwar kakata.

«Kai ɗan wa na?»

Na faɗi sunan mahaifina da na ƙauyenmu. Ya yi shiru, ya aje carbin.

«Ɗan Gana? Mai jin Ingilishi? Matso in taɓa ka, ɗana.»

Ya riƙe hannuna bai saki ba har muka gama gaisuwa. Na gaya masa rasuwar, ya yi addu'a mai tsawo. Sa'annan na kawo zancen Nasaran. Ya ce masu Ingilishi biyu ne. Akwai babban, mai zuwa da jirgi ya kwana uku ko huɗu a otel, ya zagaya da takardu, ya sa a rushe abin da aka yi wata guda ana yi, ya koma. Akwai kuma wanda ya zauna da su tun farko har ƙarshe, yana cin ayaba da gyaɗa tare da masu katafila. Na ce, Baba, wane ne cikinsu mai gina misali da rairayi? Ya ce dukansu suna yi, ƙaramin wurin babban ya koya. Na ce wane ne ƙato? Ya yi dariya har da tari.

«Ɗana, mu da muka fito cikin yunwar Adar, wane na ba ƙato ba a idonmu?»

Na fiddo salula na buɗe hoton Thomas na kai masa kusa da fuska. Ya juya ta dama da hagu, ya ce shi haske kawai yake gani. Ya miƙo mini abata.

Sai ya ce bari ya ba ni wanda ya tuna. A farkon aikin ba a ba leburori lokacin azahar ba, hutu ɗaya ne da tsakar rana, in ya wuce ya wuce. To duk sa'ad da Nasara ya yi dogon bayani kusa da ƙarfe biyu, mahaifina in ya gama juyawa sai ya ƙara da nasa: ya ce kuma a je a yi salla a dawo. Mutane su aje shebur su tafi alwala. Nasaran na ganin haka ya ɗauka dokar ƙasar ce, shef-shantiye kuwa ya ɗauka umurnin Nasara ne, babu wanda ya tambayi wani. An yi wata da watanni a haka. Ranar da asiri ya tonu kowa ya ce yau Ɗan Gana ya bar aiki. Wanda ke zaune da su ɗin ya kira shi gefe, suka yi magana da Ingilishi, babu wanda ya ji. Washegari ƙarfe biyu na yi Nasaran ya dubi agogo, ya ɗaga hannu biyu daidai kunnuwansa kamar mai kabbara, ya nuna musu inuwa.

Ban taɓa jin wannan labari ba, ko daga bakin mahaifiyata. Na zauna ina jujjuya salular a hannu. Tsohon ya ce ita ƙwallon bai gani ba, wataƙila ran nan yana wani gefen, amma ya tuna wani yaro mai kawo kwano, siriri, mai tsoron katafila.

Aka kira magariba. Na kama hannunsa muka nufi masallaci, yana tambayata ko an samu ruwa bana a Adar, ko tabkin Tabalak ya cika, da nawa ake sayar da tiyar hatsi a kasuwar Tawa.